Hotuna Uku na Malam Tsaya-Haka

"Gwaggo, ki rubuta ki ajiye: duk aikin da ban ɗauke shi hoto ba, to ba a yi shi ba!"

Haka ɗan ƙanena ya faɗa mini, yana tsaye a tsakiyar lambuna, ƙafarsa ɗaya a kan kunyar albasa. Na ce, "To sauke ƙafarka daga kan wanda ba a yi ba, kada ka kashe mini shi."

Bari in gabatar maka da shi, mai karatu, don ka san da wa ka haɗu. Dogo ne siriri kamar raken da aka gama tsotsa, baki kuwa rediyo ne da maɓallin kashewa ya ɓalle. Ya taɓa gyaran agogo, sai da kowa a layinmu ya koma duban rana. Ya taɓa kiwon kaji, kajin suka ƙaura gidan maƙwabta da ƙafarsu. Yanzu kuma yayansa ya aiko masa da kyamara, irin mai dogon hancin nan, da wani ƙarfe mai ƙafa uku da ake ɗora ta a kai. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara shan ruwa cikin kwanciyar hankali. Ka ɗaga kofi, sai ka ji, "Tsaya haka!" Ka sunkuya ɗaure takalmi, "Tsaya haka!" Kafin mako ya zagayo sunansa na yanka ya ɓata, yara da manya sai Malam Tsaya-Haka.

Ya gyara tsayuwa ya ce, "Ba ki san abin da ke tafe ba, Gwaggo. Ƙungiyar masu sana'a ta ba ni bango guda a zaurenta. Ranar da Baba Kafinta zai saka sabon jirginsa a ruwa, nan da mako uku, ranar zan baje hotuna. Kowane aiki hoto uku: farko, tsakiya, ƙarshe. Saƙa, lambu, gini, jirgi. Jikokin jikokinki za su zo su ga yadda aka yi."

Na ce, "Kai da ba ka tashi sai rana ta daki ƙeya, yaushe za ka ga farkon aiki? Mutane suna fara aiki kai kana juyi na biyu."

"Ilmi ne, Gwaggo. Akwai dabara."

Ni kuwa ban yi boko ba. A jikin ledar iri na koyi haɗa baƙi, amma na san ƙarar tulun da ba ruwa a ciki. Na ce, "Mu yi haka. In ka rataya aiki ɗaya tak, daga farkonsa har ƙarshensa, hoton hannunka, ni da bakina zan miƙe a gaban jama'a in kira ka Gwani. In ka kasa, kai za ka yi mini ban-ruwan lambun nan har tumatir ya nuna. Guga arba'in da safe, arba'in da yamma."

Ya yi dariya har da dukan cinya. "Gwaggo, fara koyon faɗin Gwani tun yanzu, kada harshenki ya harɗe ranar."

Dabarar tasa kuwa mai sauƙi ce, irin sauƙin da ke kai mutum asibiti. Tunda shi ba ya iske aiki a farkonsa, sai ya mayar da aikin farkon.

Da gidansa ya fara, kamar gobara. Matarsa, baiwar Allah mai haƙuri, tana saƙa wa ɗansu rigar sanyi da jan ulu. Kwana goma sha biyu tana kai, ta gama baya, ta gama gaba, ta kama hannu ɗaya. Ta shiga kicin duba tukunya, ta ajiye saƙar a kan kujera. Da ta fito sai ta tarar da maigida ya zare allurar, ya kama bakin zare yana ja, yana ja, rigar tana narkewa kamar kitse a wuta. Ya bar layi biyu kacal, ya shimfiɗa su a kan tebur, ya kafa ƙafa uku.

Ta ce, "Baban yaro, ina rigar?"

Ya ce, "Ga ta nan a farkonta. Matsa kaɗan, inuwarki na shiga."

"Kwana goma sha biyu fa!"

"Ai hannunki ya riga ya saba. Karo na biyu ya fi sauri. Kuma ki duba, tarihi ne."

Ita ce ta zo ta ba ni labari, da tulin zare a hannu duk ya nannaɗe kamar gashin tunkiya. Ban san abin da ta ce masa bayan nan ba, ta dai ce ta faɗa da ludayi a hannu. Abin da na sani, daga ranar ta koma yin saƙarta a gidan yayarta, ta kuma rantse ko maɓallin rigar ba zai gani ba sai a jikin yaron, shi ma in sanyi ya zo. Saƙa ta tafi ke nan: akwai farko, babu ƙarshe.

Sai ya juyo kaina. Na yi dashen tumatir kunya shida, duk sun kama, sun miƙe kamar 'yan makaranta a layi. Kwana uku sai na ga kunyar da ke bakin katanga ta fara sunkuyar da kai. Na ƙara ruwa. Ta ƙara sunkuyawa. Na tona gindi ko tsutsa ce, babu. Na ce to, wannan tsutsar mai ƙafa biyu ce.

Rannan na yi kamar na tafi kasuwa, na zagayo na zauna a bayan tankin ruwa. Can sai ga shi, saɗaf-saɗaf, da kyamara a wuya da rula a aljihu. Ya tsuguna, ya kama tumatir ɗaya ya tuge, ya karkaɗe ƙasar, ya kwantar da shi a kan farin ƙyalle, ya jera rula a gefen saiwar. Ƙyas! Ya mayar da shi rami ya danna da babban yatsa. Ya kama na biyu.

Na ce, "Tsaya haka."

Ya zabura har rular ta faɗi. "Gwaggo! Ba ki tafi ba?"

"Na tafi. Wannan fatalwata ce. Me kake yi wa 'ya'yana?"

"Ci gaban saiwa nake bi. Kowa yana ɗaukar ganye, ni kaɗai na yi tunanin abin da ke ƙasa. Kullum sai na auna. Abin mamaki, Gwaggo, ba sa ƙaruwa. Ina ganin irin nan ba shi da kyau."

Na ce, "Kai ma da za a riƙa tuge ka daga gado kowace safiya a auna ƙafarka a mayar, da ba ka yi wannan tsawon banzan ba. Fita!"

"Saura hoton ƙarshe fa, in sun yi 'ya'ya."

"Za ka gan su. Kusa-kusa ma, da guga a hannu."

Na sa wa ƙofar lambu kwaɗo. Lambu ya tafi.

Wanda bai ji bari ba ai zai ji hoho. Ya nufi wurin Magini, wanda ke ɗaga katangar wani shago a bakin titi. Magini mutum ne da aikinsa ya fi maganarsa yawa, shekara talatin yana jera bulo, bai taɓa yin bangon da ya karkace ba. Sirrinsa igiya ce. Ya kafa ƙusa nan, ya kafa can, ya ja igiya ta miƙe, kowane bulo sai ya bi ta. Da rana ta take ya tafi cin abinci. Malam Tsaya-Haka ya iso, ya leƙa ta cikin kyamara, ya ga igiya ta ratsa hoton.

Wai tana ɓata tsari. Wai a farkon gini ai babu igiya. Ya kwance ta, ya ɗauki hotonsa, sannan ya tashi mayarwa. Ƙusar ta riga ta faɗi cikin yashi. Ya samo wata ya kafa inda idonsa ya ce masa nan ne. Idon kuwa ya yi kuskure da faɗin tafin hannu.

Magini ya dawo ya ci gaba da bin igiyarsa, kamar yadda ya saba shekara talatin. Kafin la'asar bango ya yi ciki kamar mai wata bakwai. Mutane suka taru. Mai shayin bakin titin ya ce, "Magini, wannan shago ne ko randa?" Bawan Allah ya tsaya ya dubi bango, ya dubi igiya, ya murza ido. Bai zargi kowa ba sai kansa. Ya rushe abin da ya gina da hannunsa, ya ce ba zai ƙara taɓa bulo ba sai likita ya duba masa ido. Bayan kwana huɗu muka gan shi da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, yana tafiya yana laluben ƙasa da ƙafa. Gini ya tsaya.

Saura jirgi.

Baba Kafinta, shugaban ƙungiyar, tsoho ne gajere mai faɗin kafaɗa. Wata bakwai yana sassaƙa jirgin katako a bakin kogi, ƙarƙashin wata rumfar kwano. In ya haɗa katako da katako, sai ya cusa auduga a tsakaninsu da wani ɗan ƙarfe, ya bi da guduma, sannan ya shafe da kwalta mai zafi. Wannan shi ke hana ruwa shiga. Duk wanda ya taɓa zama kusa da kogi ya san haka, ban da mutum ɗaya.

Ana jibi za a saka jirgi a ruwa, sai ga shi a ƙofar gidana, yana washe baki. Ya juyo mini bayan kyamara. "Gwaggo, kalli wannan ki ce ba Gwani ba."

Na duba. Katako biyu ne, da wani siririn haske yana ratsowa ta tsakaninsu. Gaskiya hoton ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba.

Na ce, "Yaushe ka ɗauki wannan? Ai Baba ya gama toshe jirginsa tun makon jiya."

Ya rage murya. "Shi ya sa na ce miki ilmi ne. Da ya tafi sayo fenti, na shiga ƙarƙashin bencin tsakiya da ƙusa, na zaro audugar kamar kamu ɗaya. Hoton farko ke nan. Na tsakiya ina da shi. Jibi in ɗauki na ƙarshe, ki kira ni sunana."

"Audugar fa? Ka mayar?"

"Ta yage. Amma na toshe da takarda, shafi huɗu daga littafina, na bi da baƙin man takalmi. Ko Baba ba zai gane ba."

"Takarda? A ƙasan jirgi?"

Ya dube ni da tausayi, irin duban da ake wa wanda bai je makaranta ba. "Gwaggo, da me ake yin takarda? Da itace. Da me ake yin jirgi? Da itace. Ɗan'uwa ne ya koma wurin ɗan'uwansa."

Na yafa mayafina na gangara bakin kogi, don wasa wasa ne amma ba a yin sa da ran mutane. Na tarar da Baba yana shafa fenti. Na kwashe duka na faɗa masa. Ya ajiye buroshi, ya shiga ƙarƙashin benci, ya sa yatsa, ya fito da shi baƙi ƙirin. Ya sansana.

Ya ce, "Man takalmi ne kuwa. Mai kyau ma."

Na ce, "Sai ka gyara kafin jibi."

Ya zauna a bakin jirgin ya ce, "Yaya, wannan ramin aikin rabin awa ne. Jirgi zan iya gyara shi ko yaushe. Yaron nan fa, wa zai gyara shi?"

"Mun gwada, Baba. Da baki, da ludayi, da kwaɗo."

"Ba ku gwada ruwa ba. Nan bakin gaɓa bai wuce ƙirji ba, kuma igiya tana hannuna. Katako ba ya jin tsoron wanka."

Na dube shi, ya dube ni. Tsofaffi biyu ba sa buƙatar dogon zance.

Ranar ta zo. Da hantsi jama'a suka cika bakin kogi: masu sana'a, matansu, mai shayi, Magini da tabaransa, matar Tsaya-Haka da saƙarta a jaka ta rungume kamar za a ƙwace. Shi kuwa gogan ya sha farar riga da farar hula da takalmi mai ƙyalli. Aka tura jirgi ya sauka ruwa, ya zauna daram, kowa ya yi tafi.

Baba ya ɗaga murya. "Jama'a, wa ya cancanci ya fara shiga, in ba wanda ya wahala wajen ajiye tarihin jirgin nan ba?"

Kan Malam Tsaya-Haka ya kumbura har hula ta matse. Ya taka zai shiga, sai ya tsaya. Ya tuna in yana cikin jirgi, ba zai fito a hoto ba. Irin wannan rana kuma a ce babu fuskarsa? Ya waiga, ya miƙo mini kyamara.

"Gwaggo, riƙe. Nan za ki leƙa, nan za ki danna. Ko jariri zai iya. Ki ɗauke ni ɗaya, sai in fito in ɗauki jirgin da hannuna."

Na ce, "Allah ya sa in iya."

Ya shiga. Baba ya saki igiya kamar taku goma. Gogan ya tsaya a tsakiyar jirgi, daidai kan bencin nan, ya riƙe ƙugu da hannu ɗaya, ɗayan ya nuna sararin sama kamar wanda ya gano sabuwar ƙasa. Na leƙa, na danna. Ƙyas!

Ya fara jawabi. "'Yan'uwa masu sana'a, aiki ba ya zama aiki sai an..." Ya dubi ƙafarsa. Wata 'yar takarda ta taso tana yawo a gefen takalminsa, da rubutun hannunsa a jiki. Ta biyu ta biyo ta.

Mai shayi ya ce, "Malam, wasiƙa ta zo maka!"

"Ba komai! Gumin katako ne. Sabon jirgi yakan yi gumi."

Gumi ya kai idon sawu. Gumi ya kai ƙwauri. Ya cire hula ya fara kwarfa, hula kuwa mai ƙananan huji ce, abin da ya ɗiba rabi ya koma. Ya cire takalmi ɗaya ya haɗa da shi. Ya ɗora ƙafa a kan ramin, ruwa ya ɓullo ta tsakanin yatsunsa.

"Baba! Ja igiya! Baba, don Allah!"

Baba ya sa hannu a bayan kunne. "Me ya ce? Tsufa ya taɓa mini kunne."

"Gwaggo! Ki ce ya ja!"

Na ce, "Tsaya haka." Ƙyas!

Jirgi ya sunkuya a hankali, cikin mutunci, kamar raƙumi zai durƙusa, ya zauna a kan yashi. Ruwa ya tsaya wa Malam Tsaya-Haka a wuya, don ya ƙi miƙewa, ya ƙanƙame benci yana salati yana kiran sunan matarsa. Hula ta kama hanyarta ta bi kogi.

Matarsa ta ce, "Baban yaro, miƙe mana! Ruwan bai kai tsawonka ba!"

"Ban iya ruwa ba!"

"Tsayuwa fa, ka iya?"

Kafin ya miƙe na danna na uku. Ƙyas!

Maza shida suka ja jirgi ya fito. Baba ya tsuguna a gaban kowa ya zaro sauran takardar daga ramin, ya ɗaga ta sama, ya ce, "Wanda ya ba ni aron littafinsa ya zo ya karɓa." Sannan ya cusa auduga, ya bi da guduma, ya shafe da kwalta. Kafin azahar jirgi yana yawo a kogi da mutum takwas a ciki, ko ɗigo babu. Tsaya-Haka bai ga wannan ba, yana gida yana shanya kansa. Kyamara kuwa tana jakata, ni na kai ta shagon wanke hoto, na ce a wanke duk abin da ke ciki.

Da yamma aka buɗe zaure. Ya zo cikin rigar aro, ya tarar na riga na rataya masa kayansa. Ga layi biyu na jan ulu. Ga tumatirina kwance a kan farin ƙyalle kamar gawa. Ga haske tsakanin katako. Ga bangon shago, ba igiya.

Magini ya matsa kusa da wannan na ƙarshen. Ya duba da tabarau. Ya cire tabarau ya sake dubawa. Ya ce, "Ina igiyata a nan?" Ya juyo a hankali. "Wato idona lafiyarsa ƙalau?"

Tsaya-Haka ya ce, "Ai... tabarau yana ƙara wa mutum kwarjini."

Sai da mutum uku suka riƙe Magini.

Amma jama'a ba a nan suka taru ba. Can ƙarshen bango suka yi cincirindo, inda na jera hotuna uku, na rubuta a ƙarƙashinsu da hannuna mai karkata: Farko. Tsakiya. Ƙarshe. Mutum yana nuna sama. Mutum yana kwarfa da takalmi. Kai kaɗai a kan ruwa, baki buɗe, hula tana wucewa ta gefe.

Ka san mai baki ba ya mutuwa da sauƙi. Ya kutsa ya tsaya a gabansu, ya ce, "To ai ga shi! Aiki ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma da kyamarata! Gwaggo, cika alkawari!"

Na ce, "Hoton hannunka muka ce. Duba da kyau ka gaya wa jama'a abin da hannunka ke yi a nan."

Mai shayi ya leƙa ya ce, "Yana riƙe da takalmi."

Baba Kafinta ya yi gyaran murya ya ce ƙungiya ta yanke shawara: waɗannan ukun za su zauna a bangon har abada, don jikokin jikoki su zo su ga yadda aka yi.

Yanzu kullum kafin rana ta fito yana bakin rijiyata. Ya koyi tashi da wuri, ya ga farkon aiki da idonsa. Ni kuma ina kan kujera a inuwa da kyamara a cinya, don yayansa da ya ji labari ya ce a bar ta a hannun wanda ya iya. Jiya yana kan guga na talatin da bakwai, gumi ya jiƙa shi sharkaf, ya ɗago ya ce, "Gwaggo, tumatirin nan yaushe zai nuna?"

Na ce, "Kunya biyar sun kusa. Ta bakin katanga ce ta yi baya, wani masani ya auna ta ya ce irin ba shi da kyau. Ita za mu jira."

Ya buɗe baki zai yi magana, guga ya kuɓuce, ruwa ya juye masa tun daga ƙirji har takalmi.

Na ce, "Tsaya haka."